Ranar da Na Shige Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, mutanen Garo ba za su bar ni ba.

Ni mai gyaran rediyo ne a Gwarzo, ina da ɗan shago a bakin kasuwa. Surukina kuwa, mahaifin matata Hadiza, malami ne mai Islamiyya a Garo. Mutum ne mai kwarjini. Shekara shida da auren 'yarsa, daga nesa nake cire takalmi in durƙusa in gaishe shi, kaina a ƙasa. Shi kuma bai taɓa ɗaukar sana'ata a bakin komai ba. In an tambaye shi aikin mijin 'yarsa sai ya ce, "Yana dai 'yan taɓe-taɓen wayoyi." Wallahi maganar nan tana ci min rai.

To, ana saura kwana biyu walimar saukar ɗalibansa, sai amfilifayar makaranta, na'urar ƙara ƙarfin murya, ta mutu. Malam ya ce a kai ta Kano. Na tura Hadiza ta roƙe shi a kawo min (ni ina ni ina yi masa magana kai tsaye?). Na ce a raina, yau Malam zai san wa ya ba 'ya.

Ina buɗewa na ga kafasita ɗaya ta kumbura kamar fanke. Wata 'yar gwangwani ce mai tara wuta, da lamba biyu a jikinta: ɗaya yawan abin da take ɗauka, ɗaya ƙarfin wutar da za ta iya jurewa. Tun ina koyon aiki maigidana ya ja min kunne cewa ta farkon za ka iya ɗan kusantawa, amma ta biyun ko daidai ko sama, kada ka kuskura ka sauka. Wadda ta mutu, lambarta ta biyu hamsin ce. Na zazzage kwalin matattun rediyoyina kaf, wadda na samu mai ashirin da biyar ce.

Sai zuciya ta ce min, "Haba Injiniya, masu ƙera abin nan ai tsoro ne ya yi musu yawa." Na liƙa ta da dalma, na kunna, murya ta fito garau. (Abin da ban lura da shi ba, wutar layinmu ranar rabi ce, ko fanka da ƙyar take juyawa.)

Ranar walima na sha shadda, na karya hula. Ni da kaina na ajiye amfilifayar kusa da kujerar Malam, na kuma zauna a gindinta don kada wani ya yi shakkar aikin wane ne. Aka tayar da janareto sabo fil, mai ba da wuta cikakkiya. Mai gabatarwa ya ɗauki abin magana ya ce, "Muna godiya ga surukin Malam, Injiniya daga Gwarzo, wanda ya tayar mana da wannan na'ura." Na saci kallo na ga Malam ya gyaɗa kai. Jama'a, daɗi kamar ya kashe ni.

Ɗaliba ta farko ta fara karatu, murya tana kaiwa har bakin titi. Can sai na ji wani ɗan wari. Na san warin nan sarai. In kashe a tsakiyar karatu? In bari? Ina ta roƙon Allah ta kai ƙarshen sura, sai ji aka yi, TAU!

Farin hayaƙi ya turnuƙe, mata suka ɗauki salati, wani dattijo ya bar takalmansa. Ni kuwa, ni da na fi kowa sanin abin da ya fashe, ban san lokacin da na yi tsalle ba. Hankalina ya dawo na ji ni cikin duhu da ƙamshin turare. Ashe kaina ne cikin hannun babbar rigar Malam, na ƙanƙame ƙugunsa ina ihun "Wayyo Inna!"

Sai na ji muryarsa daga sama, a natse:

"Injiniya, in gyaran ya ƙare a nan ciki, ka fito."

Na fito. Hulata ta zauna a ciki, sai da ya zazzage hannun rigar ya miƙo min ita a gaban mutum sun fi ɗari. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sauran ɗalibai da muryarsu zalla suka sauke karatu, mutanen da ke baya ba su ji komai ba, amma duk sun ga komai. Hadiza kuwa sati guda in ta kalle ni sai ta dafe bango don dariya.

Yanzu kafin in liƙa kafasita sai na karanta lambarta sau uku, in ta gaza, gara in hau mota zuwa Kano da in saurari zuciyata. Shi ma Malam ya koyi nasa darasin. Ko tayar babur ce ta fashe a titi, in dai ina kusa, sai ka ga ya tattare rigarsa.