Giris ɗin da Na Zaɓa wa Tirelar Baba

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Laraba na hana Baba sayen baƙin giris ɗin da ya saba cusa wa boris ɗin tayoyin tirelarsa. Kwana uku na yi ina bincike, na zaɓo masa wani fari tas, mai laushi. Bai musa ba, tunda 'yarsa ce ke jami'a.

Kafin tirelar ta kai garin Yako, giris ya narke, taya ta yi hayaƙi, ta cije. Tumatirinmu da aka ɗauko daga Tiga ya wuni a rana, ya ruɓe.

Har yau "Injiniya" ƙannena ke kirana. Baba kuwa bai taɓa tayar da maganar ba. Da shirunsa ya ishe ni, na tambayi Malam Sule bakanike inda na kuskure.

Ya juya gwangwanin giris ɗin da na kai masa, ya ce, "Giris mai kyau ne, 'yata. Na keken ɗinki ne."