Kunnuwa a Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Bulus a Kwoi ba, shekara guda bayan rikicin Kafanchan. Makaranta ɗaya muke koyarwa. 'Yan gidanmu suka ce kada in je, na ce Bulus ai ɗan'uwana ne (a baki ke nan, a kan babur kuwa addu'a na yi ta ja har muka isa).

Mahaifiyarsa ta kai ni ɗaki ni kaɗai, ta ajiye mini tuwon acca da miya, ta fita. A loma ta biyu na tsamo wani abu baƙi-baƙi mai santsi, yana rawa a hannuna. Kunne ne sak, har da lanƙwasarsa, ga irinsa da yawa a miyar. Ga shi da shigowata na hangi aladu a bayan gida.

In ci, na ci haram. In bari a kwano, na wulaƙanta uwar ango a garin da ban san kowa ba, a lokacin da ƙaramar magana ke zama gobara. Sai na tsince kunnuwan kaf, na zuba a hulata, na kifa a ka. (Har yau ban san abin da ya hana ni tuna aljihu ba.)

Da na fito sallama, tsakar gida maƙil da mata, na durƙusa gaban Mama. Sai miya ta gangaro mini ta goshi. Na kai hannu zan share, hula ta faɗi, kunnuwa suka watse a gabanta. Na ce yau tawa ta ƙare.

Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya. "Ɗana, ka ɗauka alade ne?"

Na kasa ɗaga kai.

"Kunnen itace ne, ɗan'uwan naman kaza. A ruɓaɓɓen itace yana fita da damina. Bulus ya ce ba ka cin yankanmu, shi ya sa na shiga daji na nemo maka. Tukunya ma sabo na saya."

Matan suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ta sake zubo mini wani, na cinye tas a gabanta, hula a gwiwa.

Bulus ya ce har gobe "naman Malam" suke ce masa a gidansu. Ni kuwa tun daga ranar, in na ga abin da ban gane ba a kwano, tambaya nake yi, don kunyar tambaya ba ta gangaro wa mutum ta goshi.