Daren Da Na Ce A Kashe Fitila

Ba zan taɓa mantawa da daren da na hau soron zauren gidanmu ba, duk da cewa na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikata a Dutse, irin waɗanda in an tashi aiki ba su da wurin zuwa sai gida. A haka son ɗaukar hoto ya kama ni. Na sayi kyamara ta hannu, na gaji da ɗaukar duwatsu da bishiyoyin dabino, sai na ci karo da hoton sawun taurari a waya. Yadda ake yinsa shi ne, ka kafa kyamara a kan ƙafafunta, ka fuskantar da ita arewa, ka bar idonta a buɗe tsawon lokaci. Da yake duniya juyawa take, sai kowane tauraro ya ja layi, su fito a zagaye kamar saƙar faifai. Sharaɗin dai guda ne, kada wani haske ya gifta. A Dutse kuwa ina za ka sami haka? Ga fitilun titi, ga na adaidaita sahu, ga maƙwabcina da janaretansa. Duk abin da na ɗauka sai ya fito kamar kunun da ya sha ruwa.

Ana cikin girbin dawa Yaya Habu ya kira ni daga ƙauyenmu, can wajen Ringim. Shi ne babban ɗan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata ina ƙarami. Ya ce hawan jininta ya tashi, in na sami sarari in leƙo. Na ce gobe ina tafe. (Gaskiya ita ce, kafin in ajiye wayar na riga na duba na ga watan ya kusa ƙarewa, dare zai yi duhu sosai. Maganin da na saya mata a aljihu na cusa shi, kyamara kuwa a cinya na rungume ta har muka isa.)

Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafafu a kumbure, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Bayan mun gaisa ta dubi jakata.

"Wannan kuma tsarabata ce?"

Na ce, "A'a Gwaggo, taurari zan ɗauka hoto."

"Taurari? Ina za su je da sai an ɗauke su?"

Na zauna ina yi mata bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa, kamar wanda aka gayyato lacca. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗaga murya ta ce wa matan gidan, "Kun dai ji. Yau in an yi isha'i a kashe fitilar tsakar gida, ɗan nan yana da aiki." Fitilar sola ce, ita kaɗai ce ke haska mata hanya in za ta zagaya. Na san da haka, kuma ban ce a bar ta a kunne ba.

Na gaya wa kowa bayan gari zan tafi, wajen gonaki. Da na fita na ji haushin karnuka sai jarumtar ta gudu. Na dawo a hankali, na jingina tsani a bangon zaure, na haye ba tare da kowa ya gan ni ba, don kada a yi min dariya. Na saita kyamarar yadda za ta kama sama, da kan bishiyar darbejiya, da gaban ɗakin Gwaggo daga ƙasa. Na rufe layin wayata don kada kira ya haska min wuri, na toshe kunnuwa da iyafis ina jin sharhin ƙwallo a rediyo, na kwanta rigingine a kan tabarma. Har yau ban taɓa ganin sama ta cika da taurari irin na ranar ba.

Can sai na ga haske ya gifta a ganyen darbejiya. Na yi tsaki na ƙyale. Wani ya sake giftawa, sai wani, har bishiyar ta zama kamar ana biki a ƙarƙashinta. Can nesa wajen gonaki ma ga tociloli suna yawo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata mutanen ƙauye dai ba sa jin magana. Na miƙe tsaye, iyafis na kunne (shi ya sa ban san ƙarfin muryata ba), na leƙa tsakar gida na kwarara ihu:

"Haba jama'a! Ba an ce a kashe fitilun nan ba? Sai kai-komo kuke da tocila sai ka ce mutuwa aka yi!"

Duk tocilolin suka juyo kaina lokaci guda. Na cire iyafis. Abin da na fara ji shi ne shesshekar mata daga ɗakin Gwaggo. Tsakar gida cike take da maƙwabta, manya da dattawa. Malam Liman yana tsaye daidai ƙarƙashina, da carbi a hannu. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce a hankali, "An yi, malam. Sauko."

Na juya in sauka, babu tsani. Ashe wani ya ɗauka ya je rataye fitila a ƙofar gida saboda masu shigowa. Haka na tsaya a kan soro, kowa yana kallona, har aka je aka dawo da shi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san na so soron ya rufta da ni. Da aka kawo tsanin, Yaya Habu ne ya riƙe min shi. Ina saukowa na kuskure matakin ƙarshe, shi ya tare ni. Bai yi min faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da safe muka kai ta makwancinta. A wurin zaman makoki ba wanda ya tayar da maganar, amma duk wanda ya zo yi min ta'aziyya sai na ga ya ɗan saci kallon soron. Wani dattijo ma, cikin kyakkyawar niyya, ya tambaye ni ko aikin ya yi kyau.

Sai bayan sadakar uku na sami ƙarfin halin tambayar Yaya Habu yadda abin ya faru. Ya ce numfashinta ne ya fara sarƙewa, ta tambaya ina nake. Aka kira wayata ba ta shiga, aka tura mutane gonaki nema na. Tocilolin da na gani a can ke nan.

"Da ta ji an ce ba a gan ka ba," in ji shi, "sai ta ce a daina haske-hasken nan a bayan gari, za a ɓata maka aiki."

Na tashi na bar wurin, don ban so ya ga fuskata.

Kyamarar kuwa, wani maƙwabci ne ya sauko min da ita, batirinta ya mutu. Na daɗe da komawa Dutse kafin in iya buɗe abin da ke ciki. Hoton ya fito fiye da yadda na yi mafarki. Taurari sun zagaye tsaf, layi a kan layi. A ƙasa kuma ga wasu layukan haske, karkatattu, sun fito daga ko'ina a tsakar gidan, duk sun nufi ƙofa ɗaya. Kowane layi mutum ne da ya ruga wurinta. Na duba na sake dubawa, kamar mai tsammanin zai ga nasa a ciki.

Ban nuna wa kowa hoton ba, ban kuma goge shi ba. Ina ɗaukar taurari har yanzu, jefi-jefi, sai dai kunnuwana a buɗe, waya a kunne. Kwanaki ina bayan gari da kyamara wani mai babur ya dallare ni da fitila, ya lalata min aikin dare guda. Ya tsaya zai ba ni haƙuri, ni kuwa na riga shi magana, na ce, "Malam, lafiya dai ko?" Ya dube ni da mamaki ya ce lafiya lau, gida zai je. Na ce to alhamdu lillahi, Allah Ya kiyaye hanya. Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi da tsada: in ka ga mutum ya kunna fitila cikin dare, fara tambayarsa lafiya kafin ka buɗe baki da wata magana.