Ƙwaryar Maganin Kurege

A wani daji da ke bayan tsaunuka, akwai asibiti a gindin wata tsohuwar tsamiya. Likitan wurin Zalɓe ne, dogo mai taku ɗai-ɗai. Sau ɗaya yake zagaya marasa lafiya da hantsi, ya leƙo su daga can sama, ya rubuta magani a kati, ya wuce bakin tafki. Sauran yinin kuwa na Sista Tabawa ne, wata bushiya mai gajerun ƙafafu, wadda ta shekara goma sha biyu da karɓar takardar aikin jinya. Ita ke auna zafin jiki, ita ke wanke miki, ita ke juya Kunkuru kada kwanciya ta ci masa gefe, ita ke korar dangin Zomo in sun cika ɗaki da kwanuka da surutu. Masu gulma sun ce ba ta da fara'a. To, mai kwashe aman Kura da sassafe, ina za ta samo ta?

Ran nan aka kwantar da Kurege da zazzaɓi, gadonsa dab da na Ɓauna. Likita ya zo zagaye, hira ta yi daɗi tsakaninsa da matar Ɓauna, wadda aka ce tun suna ƙuruciya... amma a bar wannan. Yana hirar ya rubuta wa Kurege magani ƙwarya guda, cike, safe da yamma.

Ita kuwa Tabawa ba ta ba da magani sai ta ɗora majiyyaci a sikeli. Ta auna Kurege, ta dubi kati, ta aika a kira Likita. Aka ce yana tafki, ba ya son damu. Sai ta ajiye maganin, ta yi ta shafa wa Kurege ruwan sanyi.

Da la'asar Zalɓe ya dawo ya ji labari, ya tara majalisar asibiti, wai a karɓe takardarta.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Goggon Biri, shugaban majalisa, "shekara bakwai na yi ina karatu a ƙetaren kogi. Ni ke rubutawa, ita ke bayarwa. In kowace sista mai farar hula za ta riƙa tace rubutuna, gobe mai shara zai nemi wuƙar tiyata."

Kawuna suka kaɗa. Goggon Biri ya ce, "Ke Tabawa, kin ƙi umarnin Likita, ko ba ki ƙi ba?"

Ƙayoyinta suka mimmiƙe, don ba ta da wata sana'a bayan wannan. Ta nemi izini ta fita, ta dawo tana tura ƙwaryar magani cike maƙil, Kurege na biye da ita lulluɓe da zane. Ya yi ɗage don ya leƙa ciki, bai kai ba.

"Sista," ya ce a galabaice, "sha zan yi, ko wanka?"

"Na ƙi, ranka ya daɗe," in ji Tabawa. "Ban yi karatun ƙetare ba, amma abin da aka rantsar da ni a kansa ke nan: duk abin da ya shiga bakin majiyyaci ta hannuna, alhakinsa na wuyana. Likita alƙalami ya sa. Ni ce zan ɗura, ni ce kuma zan tsaya gaban uwarsa. Ga magani, ga Kurege. Wanda ya ga daidai ne a cikinku ya taso ya ba shi, ni kuma in rubuta sunansa a kati, don haka ƙa'idar take."

Ba wanda ya motsa. Dila, magatakardan majalisa, ya shiga duban faratansa kamar yau aka ba shi su.

Can Zalɓe ya yi gyaran murya. "Dama gwada ta nake yi."

Majalisa ta yi ajiyar zuciya, ta yaba wa Likita bisa wannan hikima. Aka bar wa Tabawa takardarta, tare da gargaɗin in an sake gwada ta, kada ta ɗaga wa manya hankali. Zalɓe ya ja katin ya gyara: rabin cokali. Nan take Tabawa ta ba Kurege, ta goya shi ta fita, ba ta ko tsaya addu'ar tashi ba.

Tun daga ranar, duk ɗan majalisar da aka kwantar yakan gaida Likita da babbar murya, ya karɓi katinsa da hannu biyu, sannan ya tambaya ƙasa-ƙasa ko Sista Tabawa na aiki yau.