Abin da Babu a Gembu

A Tsamiyar Goje akwai wani gida mai mutum uku: Iya Tabawa, da ɗanta Barau mai gyaran babur, da autanta Nomau. Nomau ya kai shekara talatin, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai in za ka aike shi ka auna maganarka, domin abin da bakinka ya faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni dai ban taɓa ganin laifinsa ba, mutanen garin ne ba su iya bayani ba.

Akwai kuma Lantana, 'yar farin Iya, wadda aure ya kai ta Gembu, can kan tsaunin Mambila, shekara bakwai ba ta taka gida ba. Iya ba ta faɗin sunanta, saboda kunyar 'yar fari. Da Lantana ta kira waya sai Iya ta miƙe ta shige madafa, wai tuwo zai ƙone, ko da ba a ɗora tukunya ba.

Wata rana Barau da abokinsa Ilu suka yanke shawarar zaga ƙasa a kan babur, su bi ta Bauchi da Jalingo har su hau Mambila su gano Lantana, kwana huɗu a hanya. Babur ɗin Ilu zai ɗauki kaya, bayan Barau kuwa akwai wurin mutum ɗaya. Nomau, wanda bai taɓa wuce kasuwar Ringim ba, ya kafe sai shi. Barau ya ce, "Za ka, amma kai za ka haɗa kaya. Ka yi mini shirme, ka rasa wurin. Fara nemo mana abin zuba tufafi wanda ruwa ba ya shiga, can kullum ruwa ake yi." Nomau ya tattara jakunkunan gidan kaf ya tsoma su a kwalbatin da shanu ke shan ruwa, duk suka sha ruwa. Sai ya ɗauko jarka ya gwada, ko ɗigo bai shiga ba. Ya zauna da muciya yana cusa babbar rigar Barau ta bakin jarkar, tun hantsi har la'asar. Da Barau ya dawo sai da aka farke jarkar da wuƙa, riga ta fito a cukurkuɗe tana warin kananzir. Nomau ya ce, "Amma Yaya, taɓa ka ji, a bushe take."

Wata rana Barau ya kawo jakunkuna biyu irin waɗanda ake ratayawa a gefen babur, ya ce, "Abin da ke dama ya zama daidai da abin da ke hagu, in ba haka ba babur zai rinjaya." Nomau ya ji daɗin wannan aiki. Takalmi ɗaya dama, ɗaya hagu. Sabulu ya raba shi biyu. Tabarma ya tsaga ta a tsakiya. Da ya zo kan wandon shaddar Barau sai ya ga ai wando ma ƙafa biyu gare shi, ya ɗauko almakashi. Da Barau ya zo, ya ɗaga ƙafar wando ɗaya sama yana dubawa. Nomau ya ce, "Kada ka damu, 'yar'uwarta tana hagu."

Wata rana Ilu, da yake shi ma bai san ciwon bakinsa ba, ya ce a nemo akwatin da ko ya faɗo ba zai fashe ba. Nomau ya tuna an ce Gembu a sama take, don haka ya hau kan soro ya riƙa jefo akwatunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe tsohuwar adakar Iya ce ta ƙarfe. Ba ta fashe ba, amma murfin ya ɓalle, sai ga 'yan riguna da huluna na yara sun watse a tsakar gida, wasu na jarirai, wasu na 'yan shekara biyar, duk sababbi. Gidan nan kuwa ba yaro, jikokin Iya duk suna Gembu. Iya ta fito da gudu tana tsincewa tana cusawa a zani.

"Iya, na wane ne?"

"Tsummoki ne, sauko ka ba ni wuri."

Nomau ya yarda tsummoki ne, tunda Iya ta faɗa.

Ana gobe tafiya, Barau ya tarar da kaya tsibi guda, har da turmi. Ya riƙe kai ya ce, "Nomau, saurare ni, wannan ce ta ƙarshe. Duk abin da ake samu a Gembu ka bar shi. Abin da babu a can kaɗai za ka ɗaura. Ka kuskure, wallahi ka zauna." Nomau kuwa ya riga ya sanar da duk garin za shi Mambila. Ya ari waya ya kira Lantana.

"Yaya, akwai buta a Gembu?"

"Akwai."

"Bargo fa? Turmi? Kuka? Daddawa?"

"Duk akwai a kasuwa, Auta."

Ya lissafa kayan gidan kaf, ta ce akwai. Ya ce, "To, wai me ne ne babu?"

Lantana ta ce a hankali, "Iya ce kawai babu."

Da safe Barau da Ilu suka fito suka tarar da babur ɗin Ilu fayau, ko allura babu. A bayan na Barau kuwa ga Iya zaune, an zagaye ƙugunta da robar ɗaure kaya har sau uku. Nomau na tsaye gefe, ido ya ciko da hawaye, don sai da ya gama ɗauri ya lura a wurinsa ya ɗora ta.

Barau ya daka tsawa, "Kai, uwar tamu ka ɗaure?"

Iya ta ce, "Ka gan shi nan, cak ya ɗauke ni. Ni me zan je yi wurin waccan?"

Sai dai duk wanda ya duba zai ga ta sa takalminta na zuwa biki, ga ƙullin tsummokin nan ta rungume a ƙirji. Barau ya kai hannu zai kwance robar, ta make masa hannu.

"Bar shi. Yaro ya sha wahalar ɗauri, sai ka ɓata masa aiki?"

Barau ya dubi ƙullin, ya dubi takalmin, kunya ta kama shi, don shekara bakwai bai taɓa tunanin tambayarta ko tana son zuwa ba. Ilu kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya buga bayan babur ɗinsa ya ce, "Tunda ka sauke mini kaya, zo ka zama kayana."

Kwana huɗu suka yi a hanya, sanyin Mambila ya gasa musu aya a hannu saboda an bar barguna a gida. Da suka tsaya a ƙofar gidan, Lantana ta fito a guje ta durƙusa gaban babur tana kuka. Iya ta kau da kai tana kallon duwatsu, wai hayaƙi ne ya shiga mata ido. Nomau ya sauko ya kwance robar a hankali, ya ce, "Yaya Lantana, ga kayanki. Ki duba da kyau, ba abin da ya fashe."