Yadda Za Ki Tara Kwalaben Adana Tumatir Ba Ki Sayi Ko Ɗaya Ba

'Yar'uwa, gyara zama. In kika bi matakan nan yadda na jera su, na ɗaukar miki alkawari tumatirinki zai kai damina jajir, iska ba za ta shiga kwalbarki ba, sunanki kuma sai ya zaga unguwa. Na ƙarshen nan ma ko shakka ba na yi. Ba a littafi na karanto ba, a kan idona aka yi, a gidan maƙwabciyata Sadiyya matar Halliru, nan cikin Kazaure.

Mataki na 1: Cika baki tun ba ki da kwalba

Mace mai kwalba a hannu ba ta da abin da zai tashe ta tsaye. Ki jira lokacin sanyi, sa'ad da tumatir ya yi arha har masu lambu ke roƙon a ɗauka. Ki iske surukarki ta baza tabarma tana yanka tumatir za ta shanya kauda, ki durƙusa ki gaishe ta, sannan ki faɗi abin da Sadiyya ta faɗa.

"Hajiya, ai yanzu an daina kauda. Baƙar miya take yi, ga ƙasa-ƙasa. Dafawa ake yi a ɗura a kwalba, na gani a waya."

Hajiya Shatu, mahaifiyar Halliru, ta ajiye wuƙa ta dube ta. Tun kafin ta haifi Halliru take shanya kauda, ba wanda ya taɓa kiran miyarta baƙa sai yau. Ta ce, "To, madalla. Ga kwandunan lambun surukinki Malam nan, kwashe su duka. Bana ko yanka ɗaya ba zan shanya ba. Abin da kika ajiye, shi za mu ci da damina."

Kin ga yanzu miyar gida guda ta hau kanki. A nan Sadiyya ta tuna ko kwalba ɗaya ba ta da ita, kuma haka ake so.

Mataki na 2: Kada ki saya, raya zumunci

Sayen kwalba aikin marasa dangi ne. Kowace gwaggo tana da kwalbar bama da aka shanye, tana zaune a kan kanta tana jiran mai rabo. Sadiyya ta shiga mota sai Roni, wurin Gwaggo Ikilima, wadda rabonta da ita tun ranar kai amarya.

Ki gaisa da baki, ido kuma ki ƙyale shi ya yi nasa aikin.

"Gwaggo, ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Sadiyya, wai ni kike gaisarwa ko kwalbar gishirina?"

In aka kama ki haka, kada ki musa. Yi dariya, ki juye gishirin a leda da hannunki, ki ce likitoci sun hana ajiye gishiri a kwalba. Ba wanda zai je ya tambaye su. Sadiyya ta dawo da ta gishiri, da ta kanwa, da ta kuka, da ta yaji, da wasu da dama, Gwaggo na binta har zaure tana cewa a gaida Halliru, kuma a riƙa zuwa ko ba tumatir.

Mataki na 3: Sa maigida aiki

Kwalbar da ke cike a gidanki ma kwalba ce, abin da ke ciki ne kawai ya tare hanya. Halliru ya ci bama a burodi, ya ci a shinkafa, ya ci a ɗanwake. Ranar da ya ga fari-fari a gefen tuwo, ya janye hannunsa.

"Wai ni laifin me na yi a gidan nan?"

"Gina jiki take yi, Baban Muhsin."

Ya ci. Namiji mai haƙuri rabin sana'ar nan ne.

Mataki na 4: Gwada murfi

Kwalba ba komai ba ce, magana tana wurin murfi. Cika ta da ruwa, ki murɗa murfin iya ƙarfinki, ki kife. Ki dai duba abin da ke ƙasa kafin ki kife, don Sadiyya a kan hular Juma'ar Halliru ta yi nata gwajin.

Kwalaben Roni suka ba da kunya. Wani murfin ya yi tsatsa, wani ya lanƙwashe, wani kuma Gwaggo ta huhhuda shi da ƙusa don barbaɗa yaji. Kaɗan ne suka tsira. Tumatir ya fara laushi a kwando, Hajiya kuma ta leƙo ta ce, "An ɗura kuwa?" Sadiyya ta ce ana shiri. Ga mura ta kama ta, hanci ya toshe ruf, ga tsoro.

Mataki na 5: Nemi kwalba mai kyau, amma kada ki faɗi abin da za ki zuba

A kowace unguwa akwai macen da kwalabenta ba sa wasa. A tamu Ya Amna ce, Babarbariya mai haɗa turaren wuta da humra. Sana'arta kenan riƙe ƙamshi, murfin da zai saki iska ba ya kwana a ɗakinta. Sadiyya ta yi sallama ta roƙi waɗanda babu komai a ciki.

"Me za ki zuba, 'yata?"

Kin san halinmu, abu bai kammala ba ba a faɗa, saboda baki. Sadiyya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan wani abu ne nake haɗawa, na gyaran gida."

Ya Amna ta yi murmushi irin na manya. Yarinya ta zo wurin mai turare tana sunkuyar da kai tana cewa gyaran gida, me ya rage a tambaya? Ta tsallake sababbin kwalabe, ta jawo tsofaffi daga ƙarƙashin gado, waɗanda turare ya yi shekara da shekaru a cikinsu har ya ratsa robar murfin.

"Waɗannan sun riga sun kama. Duk abin da kika zuba, su za su ƙarasa miki aikin."

Sadiyya ta shinshina da toshasshen hancinta, ba ta ji komai ba. Ta yi godiya har ƙasa, ta fito da buhu tana rangaji don murna.

Mataki na 6: Ɗauraye, ɗura, rufe

Gaskiya a nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta wanke kwalabe, ta dafa markaɗen har ruwan ya tsotse, ta ɗura da zafinsa, ta zuba ɗan mai a sama, ta murɗa murfi, ta sake dafa su a tukunya. Ta jera su bayan gado, ja wur, gwanin sha'awa. Da mura ta sake ta, ta ji ɗakin yana wani irin ƙamshi, ta ce albarkar tsabta ce.

Mataki na 7: Buɗe a gaban jama'a

Kada ki yi gwaji ke kaɗai, wannan ɗabi'ar matsorata ce. 'Yan kwalaben Roni tun da bazara aka cinye su lafiya, Hajiya ta ji daɗi har ta fara yawo da labarin surukarta gida-gida. Da damina ta sauka tumatir ya ɓace a kasuwa, sai ta gayyato aminiyarta Hajiya Abu daga Babura da matan unguwa, su zo su ga jar miya a watan da kowa ke cin kauda.

Sadiyya ta buɗe kwalbar Ya Amna ta farko. Tumatir bai lalace ba ko kaɗan, murfi ya yi aikinsa. Sai dai abin da ya bugi hancinta ya sa ta zauna a turmi. Ta buɗe ta biyu, haka. Ta uku ma ta fi. Baƙi kuwa har sun cika tabarma. Ta zuba daddawa, ta ƙara tafarnuwa da citta, miya ta fito kamar amarya ta shiga rumfar daddawa.

Malam, surukinta, shi aka fara kai wa a zaure. Bai jima ba ya ɗaga murya, "Hajiya, wannan miyar ci ake yi ko shafawa?"

Hajiya Abu ta kai loma, ta tsaya da tauna. "Shatu, ko humra ta faɗa tukunya ne?"

Sadiyya tana bayan ƙofa, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hajiya Shatu ta gutsuro tuwo, ta dangwalo miya sosai, ta haɗiye. Idonta ya kawo ruwa. Ta goge ta ce, "Haka ake yinta yanzu. Ku da kuka saba da kauda ina za ku sani? Sadiyya, ƙaro mini."

Ta cinye tas, har da suɗe kwano. Wata ma har ta tambayi sunan abin da ake sawa.

Bayan baƙi sun tafi Hajiya ta kira Sadiyya. "Saura nawa?"

"Suna da yawa, Hajiya."

"Na gaban mutane na ci, don ke tawa ce, ba mai yi miki dariya ina zaune. Sauran kuma ke da mijinki. Ni da Malam kuka za mu sha har kaka."

Sadiyya ta durƙusa tana hawaye, kunya da ƙaunar tsohuwar nan suka cika mata zuciya. Ta ce, "Allah ya ƙara girma."

A kula

Ni shawara na bayar, ban ɗura wa kowa komai ba. In gwaggonki ta fara ɓoye gishirinta da zarar ta ji sallamarki, ku kuka sani. In hular Juma'a ta jiƙe, kada a kawo ƙara wurina. Haka kuma in maigidanki ya yi gyatsa a sahun masallaci, dattawa suka shiga waige-waige suna neman macen da ta shigo, ba ruwana, ban ma san ku ba.