Sallau da Famfon Man Dattijuwa

A ƙauyen Rafin Gawo akwai wani mutum ana ce masa Sallau. Ba yaro ba ne, gemunsa har ya fara furfura, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Yana zaune gidan wansa Ubale direba, da matar wan nasa Ladiyo, wadda ta daɗe da daina aikensa ko sayen gishiri. Gadon da mahaifinsu ya bar musu bai wuce gidan da wata tsohuwar akori-kura ba, wadda ta girme su duka, mutanen gari na kiranta Dattijuwa. Ita ke kai albasar ƙauyen kasuwa. Sallau na sonta kamar ransa, don a bayanta Baba ya riƙa yawo da shi yana ƙarami, kuma har yanzu a inuwarta yake cin tuwo. To, sai famfon manta ya yi tsatsa ya fara yoyo, ta ɗan tafi ta mutu, ta ɗan tafi ta mutu. Irin famfon nan ne na da mai murfi, wanda ko a birni an daina sayarwa. Ubale ya ce in ba ta tashi ba kafin a cire albasa, 'yan gwangwan zai kira su farfasa ta su auna a kilo. Ranar nan Sallau ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana Ubale ya ɗaga bonet ya ga fetur na ɗiga. Ya ce wa Sallau ya tsaya nan, kada ya bari ko ɗigo ya taɓa ƙasa, shi zai je aron sifana. Sallau ya tara hannu, hannu ya cika. Ya tara hula, hula ta jiƙe. Ya waiwaya ya ga ƙwaryar furar da Ladiyo ta ajiye musu a inuwa, ya jawo ta da ƙafa ya tura ƙarƙashin mota. Ubale ya dawo a gajiye, ya ɗaure tiyo, ya ɗauki ƙwarya ya kafa kai. Sallau na kallonsa, bai ce uffan ba, tunda ba a ce ya yi magana ba. Da Ubale ya fara furzarwa yana tari, sai ga hula a ƙarƙashin haɓarsa.

"Yaya, tofa nan. Ka ce kada ya taɓa ƙasa."

Wata rana kuma Ubale ya kwance famfon ya baje kayansa a kan buhu. Ya miƙa wa Sallau sanfefa, ya ce duk inda ya ga tsatsa ya goge ta sai ta fita. Sallau ya zauna ya goge famfo tas, har ciki, har bakin murfi, aiki mai kyau kuwa. Da ya gama ya ɗaga kai ya ga tsatsa a ƙyauren gida, ya goge. Ya ga tsatsa a gindin kwanon Ladiyo, ya goge har kwano ya huje. Ya fita waje ya bi gari, ya kankare gugan rijiya da keken mai unguwa. Bayan la'asar aka same shi a bayan masallaci ya danne wata jar akuya yana gwada sanfefa a gadon bayanta. Mai akuya ya kawo ƙara, Ubale ya ba da haƙuri har bakinsa ya gaji.

Wata rana Ubale ya yanka kwali ya yi wa murfin sabon fakin, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya zuba. Ya ɗaura famfo, ya tayar, sai yoyo ya ma fi na da. Direbobin zamanin da suna da wata dabara, su danna busasshen sabulu a inda fetur ke fita, don fetur ba ya narkar da shi. Ubale ya jefa wa Sallau sabulu ya ce ya sa wa famfon, ya tafi salla. Sallau bai taɓa ganin an sa wa wani sabulu ba ruwa ba. Ya kawo bokiti da soso ya yi wa famfo wanka, ya buɗe murfi ya cuɗa ciki, ya ɗauraye. Kwali ya zama kunu, ruwa ya kwana a ciki. Ubale ya sake kwance famfon ya yar a kan buhu, ya ce shi kam ya haƙura. Ya aika wa 'yan gwangwan.

Wata rana da safe, ranar da za su zo, Ubale ya ce wa Sallau ya mayar da komai yadda ya same shi, kada masu saye su ce an cire wani abu. Sallau ya kama aiki yana share hawaye da hannun riga. Ya ɗaura famfo. Ya tattara garin tsatsar da ya zube a kan buhu ya barbaɗa a jikinsa ta waje. Ya nemo yanar gizo ya rataya a kusurwar inji. Sai ya tuna ranar da aka fara kwance famfon akwai wata busasshiyar fata a ƙarƙashin murfi, wadda Ubale ya ɗauka datti ne ya wurgar. Ya bincike tsakar gida kaf, ya same ta cikin gwangwanin baƙin mai. Fatar akuya ce da Baba ya yanka da hannunsa, don murfin ya ɗan karkace, kwali ba ya cike shi. Bushewa ta yi ta janye. Yanzu ta sha mai ta yi laushi ta kumbura. Sallau bai san ko ɗaya cikin wannan ba, ya dai sa ta inda ya gan ta ya ɗaure.

'Yan gwangwan suka iso da gudumarsu. Babbansu ya ce a matsar da motar fili, don kada ƙarfe ya tashi ya sami wani. Ubale ya zuba ɗan fetur, ya ce ko taku kaɗan ta yi ya rage musu turi. Ya murɗa makulli. Dattijuwa ta yi tari, ta kama, ta ci gaba da ruri. Ya jira ta mutu, ba ta mutu ba. Ya sauko ya ɗaga bonet, ya shafa ƙarƙashin famfo, hannunsa ya fito a bushe. Ya daɗe tsaye yana kallon bakin fatar da ta leƙo ta gefen murfi, ya gane yankan Baba. Ya juya ya sallami 'yan gwangwan, ya ce su yi haƙuri, motar ba ta sayarwa ba ce.

Sallau yana tsugune gefe, kansa a sunkuye, ya tabbata ya sake yin ɓarna.

"Yaya, ka yafe mini," in ji shi. "Komai na mayar yadda na same shi. Yoyon ne kawai ya ƙi komawa."